Tarihin da Strahil Ya Ƙi Gogewa

Shekara goma sha uku ke nan ina aikin gwajin manhaja a wani kamfani a Plovdiv. Wasu su rubuta, ni in zauna in nemo inda abin ke karyewa kafin ya isa hannun mai saye. Aikin ya bar mini wata ɗabi'a: duk ranar da na ji shugaba ya miƙe a taro yana cewa "mu nan 'yan gida ɗaya ne", sai in laluba jakata in ji ko tana nan. Ba haka aka haife ni ba. Abin da aka yi wa Strahil Ganchev ne ya mayar da ni haka, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa har yau abin ke ci mini rai.

Strahil ya girme ni da shekara ashirin, don haka bate nake ce masa, yadda kowa ke kiran yayansa. Dogo ne mai ranƙwafaffen baya, kullum cikin wata tsohuwar kwat ruwan ƙasa, kullum bisa keken da ake jin kukan sarƙarsa tun daga gada. A kan kwamfuta yake cin banitsa, wainar fulawa mai cuku, ɓarɓashi na zuba tsakanin haruffa, ko a jikinsa. Mahaifinsa gyaran sikeli ya yi a kasuwar Alhamis, wadda suna ne kawai don kullum take ci, har ya koma ga Allah, kuma ina jin a can ya gaji wannan taurin kan na cewa kilo ɗaya kilo ɗaya ne, ko wa ake auna wa.

A shekarar 2003 ƙanwar matarsa ta buɗe shagon cuku. Ta sayi sikeli, ta sayi na'urar buga rasit, ta sayi kwamfuta, amma ukun nan suka ƙi jituwa, mai sayar da su kuma ya ce sai ta ƙara abin da ya fi kuɗin sikelin kafin ya haɗa mata su. Strahil ya zauna mako uku ya rubuta wata 'yar manhaja da ke sa sikeli ya gaya wa kwamfuta nauyi, ita kuma ta gaya wa na'ura abin da za ta buga. Ya sa mata suna Vezna. Maimakon ya sayar, sai ya ɗora ta a intanet a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya karanta yadda aka rubuta ta, wanda ya iya ya gyara, ba a biyan ko lev ɗaya. Kafin a shekara goma, in ka sayi burodi a Varna ko nama a Ruse, da wuya ba rubutun Strahil ne ya buga maka rasit ba.

Mutanen sana'armu na son kiran irin wannan da sunaye masu daɗi, su ce 'yanci, su ce al'umma. Ni dai abin da na gani da idona shi ne mutum ɗaya ya ɗauki kaya, dubu na biye da shi suna cewa ya ɗaga ƙafa. Kamfanoni sun fi a ƙirga da suka ɗauki Vezna suka shafa mata launi, suka manna tambari, suka sayar wa masu shaguna da tsada, kuma namu na sahun gaba. Su ne dai masu aiko masa saƙo da gadara: "Wannan matsala ta tsayar mana da ciniki, muna jiran gyara kafin Juma'a." Ko sannu babu. Akwai wani maɓalli a shafinsa na wanda ya ga dama ya tallafa, shekara goma sha shida yana nan, bai canza masa keke ba. Wani mai shago a Smolyan ne kawai ke aiko masa da kwalbar zuma duk kaka, kuma labarin zumar nan ya ishi kowa a ofis.

Wata rana na ce masa, "Bate, wai kai ba ka jin haushi ne? Ga Lachezar can ya sake mota da guminka." Lachezar shi ne mai kamfanin.

Ya ce, "Motarsa ce, ciwon bayan zama cikinta ma nasa ne. Miƙo mini nonon ayran ɗin nan."

"Kai dai Allah ya shirye ka."

"Amin, mu duka."

Abu guda ne ban taɓa ganin ya yi wasa da shi ba. Irin wannan manhaja tana da kundin tarihi. Duk wanda ya yi gyara, ko na harafi ɗaya ne, kundin na ɗaukar sunansa da adireshin imel ɗinsa da rana da ƙarfe nawa, layi bisa layi tun daga ranar farko. Ana iya komawa baya a canza, hanyar na nan, kowa ya san ta. Amma a tsakaninmu, da zarar tarihi ya fita bainar jama'a, ba a taɓa shi. In ka yi kuskure sai ka ɗora gyara a sama, kuskuren ya zauna a ƙasa kowa na gani. Da yawa na riƙe da wannan ne don gudun rigima, shi kuwa Strahil ya riƙe shi kamar addini. A kundin Vezna har yau, in da yana nan, za ka ga ranar da ya yi wautar da ta sa rabin kilon ceri ya fito kilo biyar. Za ka ga sunan mutum sittin da uku da suka taɓa sa hannu. Ɗaya daga cikinsu wani Todor ne, mahauci a Ruse, wanda ya gyara kalma guda da aka rubuta ba daidai ba, ya rasu bayan shekara biyu. Strahil bai taɓa ganin fuskarsa ba, amma yakan ambace shi kamar maƙwabcinsa.

A takardar ɗaukar aikinmu akwai wani sashe da ya ce duk abin da ka rubuta da kwamfutar kamfani a lokacin kamfani, na kamfani ne. Dukkanmu mun sa hannu, shi kaɗai ya karanta. Saboda haka ya raba rayuwarsa biyu: rana ta Lachezar, yamma da Asabar na Vezna, a gida, a kan wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi. Shekara da shekaru bai taɓa haɗa su ba, sai da ni na sa shi.

Wata Alhamis ce cikin Maris. An fito da sabuwar doka kan abin da rasit zai ƙunsa, kuma babban abokin cinikinmu, mai gidajen burodi arba'in, ya wayi gari na'urorinsa sun ƙi buga komai. Layi har titi. Lachezar na ta zarya yana zufa, waya biyu a kunne. Ni ce ban gano matsalar a gwaji ba, don haka na san a kaina za ta ƙare. Da na bi diddigi, sai na ga a cikin Vezna ne za a yi gyaran. Na same shi ya buɗe takardar banitsarsa ke nan.

"Bate, don Allah ka cece ni."

Ya duba ya ce, "Na gani. Da yamma in na koma gida."

"Wace yamma? Kafin yamma an kore ni! Rabin awa ce a wurinka."

"Nevena, wannan kwamfutar ba tawa ba ce."

"Lokacin cin abinci ne fa. Cikinka ma na kamfani ne? Haba bate, ina da jariri a gida."

Da jaririn na kama shi, kuma na san da shi zan kama shi. Ya ture banitsar gefe, ya rubuta layi casa'in, ya tura da ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu. Kafin ƙarfe biyu rasit na fita a gidajen burodi arba'in. Lachezar ya sumbaci tsakiyar kan Strahil a gaban kowa, ya aika aka sayo masa kwalin cakulan. Washegari Strahil ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Adireshin kamfani ne ya hau gyaran jiya. Kwamfutar ce ta sa da kanta, ban duba ba." Na ce to sai me, wa zai kula? Ya wuce.

Shekara biyu da rabi babu wanda ya kula. Sai wasu Turawan yamma suka zo za su sayi kamfaninmu, suka aiko lauyoyi su bincika abin da muka mallaka. Aka ba ni aikin jero duk abin da manhajarmu ta ginu a kai, aka ce mako mai zuwa lauyoyi za su bi kowanne. Tun ina rubutawa na gane inda aka dosa. Abin da muke sayarwa, in ka cire launi da tambari, Vezna ce, ita kuwa ba tamu ba ce, wato farashin kamfani zai faɗi. Amma duk abin da aka ƙara wa Vezna tun daga waccan Alhamis, a kan layi casa'in ɗin nan ya hau. Mai neman hujjar cewa Vezna ta kamfani ce ba zai sha wahala ba.

Ranar Asabar da safe na tafi gidansu. Satumba ce, shi da matarsa Rumyana suna baranda suna gasa jan tattasai na lyutenitsa, miyar da muke ajiyewa a kwalba, hayaƙi ya cika gidan. Aka miƙo mini kujera da roba, na zauna ina ɓare bawo ina yi masa bayani.

Na ce, "Minti biyar ne. Ka koma baya ka sa adireshinka, ka mayar da lokacin ƙarfe takwas na yamma. Shi ke nan."

"Mutane na da kwafi. Za su ga ya canza."

"Su wa? Waɗanda ko sunanka ba su sani ba? Wallahi ko mutum ɗaya ba zai duba ba."

"Ni na duba."

Rumyana ta jefa tattasai cikin tukunya da ƙarfi ta ce, "Ki daina ɓata bakinki, 'yar nan. Shekara talatin ina fama. Wannan in ya tsinci lev biyu a titi sai ya kai wa 'yan sanda, ya biya kuɗin bas lev uku."

"Rumi, da ƙafa na je."

"Ka ji shi ko! Da ƙafa ya je!"

Na yi dariya ba don ina so ba. Shi bai yi ba. Ya goge hannu a wando ya ce, "Ki saurara. Ƙarfe ɗaya da sha biyu na yi shi, a kan kwamfutarsu. Haka aka yi. In na canza layi ɗaya don ya yi mini daɗi, sauran fa? Gobe wani ya ce Todor bai gyara komai ba, da me zan ƙaryata shi? Sai a ce ai mai kundin ma na gyara kundinsa."

"Todor ya mutu, bate! Kai ne kake raye, kai za su cinye."

"Shi ya sa. Ba ya nan balle ya yi magana."

Na tashi da kwalba biyu na lyutenitsa da takaicin da ya hana ni cin abincin rana. A lokacin gani nake girman kai ne kawai ke damunsa.

Wata lauya mai ƙaramar murya ta gano layin cikin yini guda. Aka kira ni aka ce in sa hannu cewa ranar aiki ce, a ofis, da kwamfutar kamfani. Gaskiya ce, kowace kalma. Ba a tambaye ni wa ya roƙe shi ba, ni kuma ban faɗa ba. Na sa hannu.

Ina cikin ɗakin ranar da Lachezar ya zaunar da shi. Da kansa ya haɗa masa kofi.

"Bate Strahil, mu 'yan gida ɗaya ne, ka sani. Ni da kai ba ma buƙatar lauya. Masu sayen ne suka matsa."

"Me suke so?"

"Sunan Vezna, da shafin, da makullin da ake shigar da gyara. Ba wai ƙwace ba ne, riƙo ne. Za mu kula da ita fiye da yadda kake iyawa kai kaɗai. Kuma ga ƙarin albashi."

"In na ƙi fa?"

Lachezar ya buɗe hannuwa kamar wanda aka zalunta. "Sai kotu, bate. Ni kaina ba zan yi barci ba."

Strahil ya je wurin wani lauya abokin karatunsa. Ya ce masa zai iya yin nasara, hujjarsu ba ta da ƙarfi sosai, amma ya shirya wa shekara huɗu, kuma ya shirya sayar da gida. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya rubuta a shafin Vezna ya gaya wa jama'a halin da ake ciki, ya nemi taimako. A nan ne na ga al'ummar da ake ta yi mana wa'azinta. Mutum ɗari huɗu da wani abu suka danna masa hoton zuciya. Wasu suka rubuta dogayen jawabai kan 'yanci da mugun halin 'yan jari-hujja, daga ofisoshinsu masu sanyi, a lokacin aiki. Wani kamfani da ya shekara tara yana cin arzikin Vezna ya tambaya ko wannan rigima za ta jinkirta gyaran da suka nema. Abin da aka tara bai kai ladan lauya na yini guda ba. Mai zumar Smolyan ne ya bugo waya ya ce yana da ɗan abin da ya ajiye na gyaran rufi, in zai yi amfani. Strahil ya yi masa godiya ya ce ya gyara rufinsa.

Ya sa hannu cikin Nuwamba. Ya ƙi ƙarin albashin, ya ajiye aikin, ya kuma yarda da sharaɗin cewa ba zai taɓa irin wannan manhaja ba har shekara uku. Abu ɗaya tak ya nema, kuma a gabana ya nema.

"Ku bar tarihin yadda yake. Da sunayen."

Lachezar ya dafa ƙirji. "Haba bate! Wa zai taɓa? Ai mu ma 'yan sana'a ne."

Na so in ce a rubuta a takarda. Na buɗe baki na ga lauyar na kallona, sai na ɗauki kofina. Shi kuwa ko a ransa bai kawo ba, domin a duniyarsa ɗan sana'a ba ya goge tarihi, kamar yadda ba a rubuta wa mutum a takarda cewa kada ya yi fitsari a rijiyar unguwa.

Wata Litinin cikin Janairu na buɗe sabon shafin Vezna, wanda aka mayar ƙarƙashin sunan kamfani, da sabon tambari mai sheƙi. Na danna tarihi. Layi ɗaya na gani. An rubuta "Farkon aiki", da sunan kamfani, da kwanan watan Juma'ar da ta wuce. Shekara goma sha takwas, da ceri mai kilo biyar, da mutum sittin da uku, da ƙarfe ɗaya da sha biyun da suka kafa hujja da shi, duk an dunƙule su an shafe. Na shiga ofishin Lachezar ban ƙwanƙwasa ba.

"Shugaba, ina tarihin?"

Bai ɗago ba. "Lauyoyi ne. Sun ce kowane suna ƙofar rigima ce, masu saye kuma na son abu mai tsabta."

"Ka yi masa alkawari. Ina wurin."

"Nevena, sunaye ne fa kawai. Manhajar na aiki ko ba ta aiki?"

Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke hannu, don ji na yi kamar na taɓa ruɓaɓɓen nama.

Yanzu Strahil na kasuwar Alhamis, a wata 'yar rumfa kusa da inda ta mahaifinsa take a da, yana gyaran sikeli. Na same shi a ranar da rana, ya kwance cikin wani sikelin mai kifi, ƙananan ƙusoshi jere a kan jarida. Na gaya masa. Ya ci gaba da juya sukudireba, sai dai na ga kusan sau uku tana zamewa daga kan ƙusar.

Na ce, "Ina da kwafi a gida, cikakke, na kafin su karɓa. Lasisin da ka sa tun farko ya ba kowa damar ɗorawa. Kai aka hana, ni ba a hana ni ba. Zan sa mata wani suna in fitar da ita."

"Za su kore ki."

"Su kora."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Gyaran ƙarfe ɗaya da sha biyu na ciki?"

"Yana ciki. Sai in cire shi."

"Ki sake rubuta shi a sama da hannunki. Layin kuwa ki bar shi inda yake." Ya ɗauki wata ƙusa ya duba ta, ya ajiye. "Todor na nan?"

"Yana nan, bate."

"To." Ya koma kan sikelinsa.

Wata ashirin da biyu ke nan da wannan magana. An sayar da kamfanin, an ƙara mana albashi, yarona ya shiga makaranta mai tsada, mun sayi gida a unguwa mai itatuwa. Kwafin na cikin wata 'yar ma'ajiya da ba ta kai babban yatsana ba, a durowar kicin, ƙarƙashin cokula. Duk Asabar ina zuwa kasuwa in wuce ta gaban rumfarsa. Ya tambaye ni yaro, ya tambaye ni aiki, wani lokaci ya ba ni kwalbar lyutenitsa in ji Rumyana. Bai taɓa tambayata kwafin ba, ko sau ɗaya. Ni kuma in karɓi kwalbar in yi godiya, in ce masa sai mako mai zuwa.